Agogon Da Na Ce Ya Mutu

Shekara ashirin ke nan ina riƙe da kayan da ba nawa ba, kuma babu safiyar da ta waye a cikinsu ban yi niyyar mayar da shi ba. Niyyar takan zo mini bayan sallar asuba, ta zauna tare da ni har in gama shan koko, sannan ta tashi ta tafi abinta kafin in sa takalmi.

Sunana Sabo. A Koki aka haife ni, a nan kuma nake zaune har yau. Na fara gyaran agogo a bakin kasuwar Kurmi da ɗan akwatin gilashi da benci guda. Yanzu ina da shago, ina da rufin asiri, ina kuma da wata durowa a ɗakina mai ɗauke da agogunan hannu talatin da bakwai, duk masu inji, babu na batir ko ɗaya. Talatin da shida halalina ne. Na talatin da bakwai ɗin na Malam Musa na Kabara ne, mahaifin Zaituna.

A shekarar da sojoji suka fara miƙa mulki ga farar hula, wato alif ɗari tara da saba'in da tara, magana ta yi nisa tsakanina da Zaituna. Ta gama makarantar horon malamai, tana koyarwa a firamare. Malam ya san da zuwana, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Wata Laraba bayan la'asar ya kira ni soro, ya kwance agogon hannunsa ya miƙo mini.

"Sabo, wannan ya tsaya mini. Duba mini shi, kai ne mai ilimin abin."

Ƙirar Siwizalan ne, na farin ƙarfe, wanda wani ɗalibinsa ɗan kasuwa ya kawo masa tsaraba. Fuskarsa launin madara, a ƙasanta da wata 'yar taga, cikin tagar ɗan wata yana girma yana raguwa daidai da watan sama. Da na buɗe bayansa a shago, na ɗora gilashin aiki a idona, sai na manta da kasuwar da ke kewaye da ni. Haƙoran injin an goge su ɗaya bayan ɗaya, har wuraren da ido ba ya kaiwa. Jajayen duwatsu kamar 'ya'yan rumman suna zaune a gurabensu. Na gane cewa wani mutum a wata ƙasa ya ɓata watanni yana ƙawata abin da ya san ba mai gani.

Na murza ɗan kan da ke gefensa sau ashirin, wato na wana shi, sai ya tashi. Babu abin da ya same shi. Watan tagar yana nuna goma ga wata, alhali ranar sha uku ne. Kwana uku ba a wana shi ba, iyakar ciwonsa ke nan. Na ce a raina tsufa ne ya sa Malam mantuwa.

Na ce bari ya kwana wurina in saurare shi. Ya kwana, ya yi mako, ya yi wata. Ranar da na koma Kabara, agogon batir mai lambobi na riƙo a hannuna.

"Allah ya gafarta Malam, agogon nan ya mutu. Injin ya ci kansa, kuma ba a samun kayansa a ƙasar nan. Ga wannan a riƙa duba lokaci."

Malam ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗaura na batir ɗin, ya ce, "Madalla. Allah ya yi maka albarka, Sabo."

Albarkar nan ce ta kore ni daga Kabara. Na kasa sake haɗa ido da shi, na kasa tsayawa a soronsa in aika a kira mini 'yarsa. Na ɗauke ƙafa ba sallama. Bayan shekara biyu na ji an ɗaura wa Zaituna aure. Bayan huɗu na bi gawar Malam zuwa maƙabarta, agogonsa yana bugawa a aljihun rigata.

Ni ma na yi aure, matar ta rasu shekara uku da suka wuce. A bara mijin Zaituna ya rasu, ta fita takaba, ta dawo gidan mahaifinta a ƙarƙashin yayanta, Alhaji Zaharaddeen. A watan da sojoji suka sake miƙa mulki, ni kuma na sake miƙa ƙafata Kabara, da furfura a gemuna.

Ta karɓe ni. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

Wata uku ina zuwa. Alhaji Zaharaddeen bai taɓa amsa gaisuwata da fiye da kalma biyu ba. Yana da nasa ɗan takarar a neman aurenta, Honarabul Audu, sabon ɗan majalisa, wanda motarsa ba ta shiga lungun sai dai a bar ta a bakin titi mutane su taru suna kallo.

Yayata 'Yardada ce ta kawo mini labarin wa'adin. Ta shigo ɗakina ba ta jira izini ba, ta tarar da ni durowa a buɗe ina goge agogunan.

"To, sarkin lokaci, sannu da kiwo. Sun ci sun sha?"

"Yaya, ina wuni."

"Riƙe gaisuwarka. Daga Kabara nake. Zaharaddeen ya ce jibi Juma'a bayan an sauko daga masallaci mutanen Honarabul za su zo, kuma ba za su koma hannu sake ba sai in ita Zaituna ta ce ba ta so. Ya tara mata ƙannen babansu jiya, har da mai hawaye a cikinsu. Suna ce mata wanda ya gudu sau ɗaya zai sake gudu."

"Ita me ta ce?"

"Ta ce a ba ta zuwa gobe, tana da tambaya ɗaya da za ta yi maka." Ta dubi durowar ta taɓe baki. "Ban taɓa ganin mutum mai agogo kusan arba'in ba, kuma a komai shi ne mai makara. Wanne ne a cikinsu zai dafa maka tuwo in ka kwanta ciwo?"

Idonta ya bi ta kan na talatin da bakwai ya wuce. Ita duk ɗaya suke a wurinta.

Washegari Alhamis bayan la'asar na isa Kabara, na yi kiciɓis da Honarabul yana fitowa daga soron, ƙamshin turarensa ya riga shi. Ya kama hannuna da hannu biyu kamar yana neman ƙuri'ata.

"Malam Sabo mai agogo. Kai nake nema. An ce a Kano babu wanda ya kai ka sanin kaya." Ya naɗe hannun babbar rigarsa, wani rawayan agogo ya bayyana. "Duba mini wannan, wani abokin arziki ya kawo mini ranar rantsarwa."

Ban ko taɓa shi ba. Tsinken sakan ɗinsa yana tsalle ɗaya-ɗaya, alhali na gaske sulalewa yake kamar mai a faranti.

"Ranka ya daɗe, sunan da ke fuskarsa babba ne, amma batir ne a cikinsa. Ruwan zinaren ma ba zai kai babbar salla ba."

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba, ya sauke hannun rigar.

"To, da sauƙi. Dama malamai sun hana mu zinare, ka ga Allah ya tsare ni."

Ya wuce. Na shiga soron da wani ɗan daɗi a raina, daɗin da nake jin kunyarsa har yanzu.

Zaituna tana zaune a kan tabarma, ta lulluɓe da farin mayafi, gilashin karatunta a hannu. Ta ji komai.

"Sannu da zuwa, Malam Sabo. Ashe har yanzu idonka da kaifi."

"Sana'a ce, Malama."

"Daga nesa ka gane na jabu a hannun wani."

Na zauna a ɗaya gefen tabarmar. Muka gaisa, ta tambayi Yaya 'Yardada, na tambayi makaranta. Sannan ta ajiye gilashin a cinyarta.

"Ka ji abin da Yaya ya yanke."

"Na ji."

"Ban ƙi Honarabul don wani aibu ba. Yana da surutu, amma yana da kirki ga 'ya'yana. Kai kuwa ba ka da kowa a gidan nan sai ni. In na ce kai, zan ɓata da yayana, zan ɓata da ƙannen mahaifina, a wannan shekarun nawa. Zan iya. Amma sai ka ba ni abin da zan riƙe."

"Faɗi ko mene ne."

"Me ya hana ka dawowa, shekara ashirin da suka wuce?"

Agogon yana aljihuna na ƙirji. Tun safe na sa shi da niyyar in fito da shi. Ina jin bugunsa ta cikin rigar. Na dubi fuskarta, na ga yadda take kallona da mutunci, na tuna gobe, na tuna cewa kalma ɗaya za ta mayar da ni ɓarawo a idon mace guda da ta rage mini a duniya.

"Ƙaddara ce, Malama. A lokacin ba ni da ƙarfi. Na ga ban isa in riƙe 'yar gidan malamai ba, kunya ta hana ni faɗa."

Ta sunkuyar da kai. Wani mai tallan ruwa ya wuce ta lungun yana buga garwa. Da ta ɗago, hawaye ya riga ya kai haɓarta.

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Shi ke nan."

"Ka sake tunani, Sabo. Ba na sauri."

Rabon da ta kira sunana ba Malam tun muna da ƙuruciya. Duk da haka na ce, "Wallahi babu wani abu bayan wannan."

Ta rufe fuskarta da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Kukan ba mai sauti ba ne. Na fi son a ce ta yi ihu.

"Har da rantsuwa," ta ce. "Ban so ka kai ga rantsuwa ba."

"Zaituna, me na yi?"

"Ka san wanda yake wana wa Baba agogonsa kowace safiya? Ni ce. Yatsunsa sun daina murza ƙaramin abu tun ina 'yar shekara goma sha biyar. Murza ashirin, bayan asuba, kafin in kai masa shayi. Wata ranar Lahadi ya ce mini, Zaituna, daga yau kada ki taɓa shi sai na ce. Ya bar shi ya tsaya. Ranar Laraba ya ba ka."

Na ji soron ya yi mini ƙunci.

"Haka Baba yake yi wa duk wanda ya zo neman 'yarsa. Ba ya aika a bincika asalin mutum, da sana'arsa yake gwada shi. Mijin Yaya Binta tela ne, Baba ya ba shi yadi da rarar kamu biyu, ya ɗinka riga ya dawo da rarar a naɗe. Kai kuma ya ba ka lafiyayyen agogo. Abin da yake jira kawai ka dawo washegari ka ce, Malam, babu abin da ya same shi."

"Ya sani," na ce. Muryar ba ta yi kama da tawa ba.

"Tun kafin ka rufe baki."

"Ke ma kin sani."

"Ina bayan ƙofar nan da kake kallo."

"Me ya sa bai tona mini asiri ba? Me ya sa ya sa mini albarka?"

Ta share ido, wasu suka sake zubowa.

"Da ka fita na shigo ina kuka, na ce Baba a bi shi a karɓo. Ya ce a'a. Ya ce yaron nan ba ɓarawo ba ne, abu mai kyau ya gani ya fi ƙarfinsa, zuciyarsa za ta dawo da shi. Ya ce kada in faɗa wa kowa, ko Yaya Zaharaddeen. Ya ce mini, ranar da yaron ya shigo soron nan da agogon a hannunsa, ranar zan ba shi ke, in bar masa agogon kuma, don ya fi ni sanin darajarsa."

Na sunkuyar da kai. Tabarmar tana da wani zare ja da ya fara warwarewa, na kafa masa ido.

"Shekara biyu ina jin takun mutane a lungun nan. Na san takunka, kana jan ƙafar hagu kaɗan. Mata suna cewa wani aibu ka gano a jikina, shi ya sa ka gudu. A gidan biki sai a yi shiru in na shigo. Ina da amsar da zan wanke kaina da ita, Baba ya hana ni faɗa, don kada a ɓata maka suna a kasuwa. Agogon batir ɗinka kuwa bai cire shi ba har ya bar duniya. In an tambaye shi ina na da, sai ya ce yana wurin gyara."

"Zaituna, ki yafe mini."

"Na yafe maka na da tun Baba yana da rai. Da ka dawo wata uku da suka wuce, na ce alhamdu lillahi, zuciyar da Baba ya faɗa ta kawo shi, ko da ta makara. Kullum ka zauna a nan ina kallon hannunka, ina cewa yau zai fito da shi. Ka kawo mini turare, ka kawo mini atamfa. Na ce to, nauyi yake ji, bari in buɗe masa ƙofa da kaina. Na buɗe, ka rantse mini da Allah."

Hannuna ya tafi aljihu. Ta ɗaga nata ta tsayar da ni.

"Kada ka fito mini da komai yanzu. In ka ba ni shi yanzu, don na kama ka ne. Kuma ba nawa ba ne ni kaɗai, kayan gado ne, mu bakwai Baba ya bari."

"To me zan yi? Faɗa mini abin da zan yi."

"Shekara ashirin kana da sanin abin da za ka yi."

Ta miƙe, ta gyara mayafinta. A bakin ƙofar cikin gida ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Na so ka, Sabo. Ban taɓa faɗa wa mijina ƙarya ba, amma ban taɓa daina jin takun nan ba. Zan gaya wa Yaya ya karɓi baƙinsa gobe."

Ƙofar ta rufu a hankali.

Ranar Juma'a da hantsi ban buɗe shago ba. Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, na kwance agogon Malam gaba ɗaya, na wanke kowane haƙori, na ɗiga masa mai da bakin allura, na mayar da komai gurbinsa. Na duba kalanda, na juya ɗan watan tagar har ya yi daidai da na sama. A cikin murfin baya, inda masu gyara suke karce alamarsu da ranar aiki, ban taɓa sa tawa ba, don kada wata rana ta zama shaida a kaina. Na ɗauki allura na rubuta sunana cikakke.

Na san ba zai dawo mini da ita ba. Ina so a rubuta wannan a sarari, domin kada mai karatu ya ba ni ladan da ban nema ba, ko ya zarge ni da dabarar da ban yi ba.

Bayan an sauko daga masallaci na bi ta Soron Ɗinki na gangara Kabara a ƙafa. Motoci uku suna bakin titi. A ƙofar soron takalma sun yi layi. Na cire nawa, na yi sallama.

Dattawa shida ne a ciki, uku na Honarabul, uku na gidan. Ƙwaryar goro da katan ɗin alewa suna tsakiya, ba a buɗe ba tukuna. Alhaji Zaharaddeen ya dube ni, fuskarsa ta ɗaure.

"Malam Sabo, yau ba ranar zance ba ce. Muna da baƙi."

"Na sani, Alhaji. Ba zance ya kawo ni ba. Gara ma da akwai mutane."

Na durƙusa a gabansa, na warware ƙyallen, na ajiye a kan tabarma kusa da goron. Wani tsoho daga ƙannen Malam ya matso da fuskarsa, ya ce, "Wannan ai na Yaya Musa ne."

"Nasa ne, Baba. Ya ba ni gyara shekara ashirin da suka wuce, na ce masa ya mutu. Ƙarya na yi. Lafiyarsa ƙalau, a ranar ma lafiyarsa ƙalau. Sha'awarsa ce ta kama ni na riƙe. Abin da ya hana ni dawowa gidan nan ke nan. Zaituna ba ta da wani aibu, ba ta taɓa yin wani aibu ba. Duk wanda ya taɓa jin an faɗi wata magana a kanta, ya ji daga bakina yau cewa laifin nawa ne."

Ana jin bugun agogon daga kan tabarma, siriri, ba gaggawa.

Alhaji Zaharaddeen ya ɗauke shi da yatsu biyu. Ya juya shi, ya kara a kunnensa. Da ya yi magana, ba ni ya yi wa ba.

"Ina yaro nakan kwanta a cinyarsa in saurari wannan." Ya share fuska da hannun riga. "Yanzu wa zai iya da shi? Ni ban san yadda ake kula da irinsu ba."

Ƙofar cikin gida ta motsa kaɗan. Hannu ya fito, da lalle a yatsu, tafin a buɗe.

"Miƙo shi nan, Yaya. Na san yadda ake yi."

Ya miƙa mata. Hannun ya koma, ƙofar ta rufu. Ba ta ambaci sunana ba.

Na ninke farin ƙyallen da babu komai a cikinsa, na sa a aljihun ƙirji, na yi wa dattawan sallama. Ina ɗaura takalmi a bakin ƙofa na ji tsohon yana tambayar Alhaji Zaharaddeen ko a buɗe goron, ko a dakata.

Ban tsaya jin amsar ba.